Gilasan Mista Odel

Shekara biyu ina nuna wa Mista Odel majigi duk ranar Alhamis bayan azahar, ban taɓa ganin hoto ko ɗaya a bangon ba.

Aikina kula da tsofaffi. Daga unguwar Morrisania nake hawa bas zuwa unguwar Harlem, in yi masa wanka, in ba shi magani, in dafa abin da ba zai ci ba. Shekararsa casa'in da ɗaya. Yau ya kira ni Abiba, gobe ya kira ni da sunan matarsa da ta rasu, duk in amsa, don gajiya ba ta bar mini ƙarfin gyara ba.

Shi kaɗai ya rage a wata ƙungiyar 'yan'uwantaka ta maza, irin mai rantsuwa da sirri. Sauran duk ƙasa ta rufe musu ido, ɗakin taronsu ma ya koma shagon katifa. Abin da ya gada tsohon majigi ne na ƙarfe da akwatin gilasai ashirin da huɗu, kowanne da hoto zanen hannu, kowanne da 'yar takardar lamba manne a gefe. Da su ake koyar da sabon shiga: a sa gilashi, hoto ya fito a bango, mai jawabi ya faɗi ma'anarsa.

Mutumin da bai san ko ya ci abincin rana ba, da zarar an ja labule an kunna fitilar nan sai ya gyara zama, ya kawo jawabin daga farko har ƙarshe, ko tuntuɓe babu. Amma sai gilasan sun zo a jere. Sau ɗaya na sa na tara kafin na takwas, ya tsaya cak kamar wanda aka sauke a tashar da bai sani ba. Kwana uku bai yi magana ba. Tun daga nan na gane jawabin nan shi ne abin da ya rage masa.

Hannunsa na rawa, dole ni ke sa gilasan, ga shi ni mace ce, ba kuma 'yar ƙungiya ba. Sai ya sa na yi alkawari zan juya wa bango baya, in duba lamba kawai, ba zan ɗaga gilashi in kalla ba. Na yi. Ina ruwana da sirrin matattu? Ni dai in samu awa guda in hutar da ƙafata.

Wata Laraba bututun benen sama ya fashe, ruwan datti ya jiƙa akwatin. Mista Odel yana barci na kwashe gilasan na zuba a roba da sabulu. Da yake alkawari kaya ne, sai na kau da kai wajen taga, ina wankewa da laluben hannu. Ko da na sunkuya, ga takardun lambar nan suna yawo a kan ruwa, tawadar ta narke.

Na kira Ama, abokiyar aikina, mutuniyar Kumasi.

"Abiba, saka su anyhow," in ji ta. "Old man ɗin ba zai sani ba koraa, ko kaɗan."

"Zai sani."

"To duba su mana. Wa zai report?"

Na zauna a ƙasan kicin, gwiwata na zogi. Can na ji jawabin yana zuwa mini da kansa, ni da sai na duba waya kafin in tuna lambar ɗana. Ashe kunne bai yi alkawari ba. Na ɗaga gilasan ɗaya bayan ɗaya wajen taga. Ga tsani, ga amyar zuma, ga jirgi a kan ruwa, ga akwatin gawa da ɗan reshe a kai. Na jera su yadda maganar take tafiya. Na ji kunya ƙwarai, don ban taɓa cin amanar wanda nake wa wanka ba. Na goma sha bakwai kuwa, kwalbar rairayi mai auna lokaci, ruwa ya shige shi, fentin ya dame.

Ranar Alhamis na ja labule, na juya baya. Ya kama jawabi sumul har na goma sha shida. Na sa na gaba, sai shiru. Numfashinsa kawai nake ji. Tsoro ya kama ni, na san in ya tsaya nan ba lalle ya dawo ba.

Bakina ya riga ni. "Dubi rairayin nan, ɗan'uwa," na ce. "Ƙwaya ɗaya-ɗaya yake zuba, har ka ɗauka ba ya tafiya."

Ya ɗauka daga nan, ya kai ƙarshe.

Da ya gama sai ya miƙa hannu, ya shafa gefen gilasan da babban yatsa.

"Babu lamba," ya ce.

"Babu. Na wanke su."

"Kin kalla ke nan."

"Na kalla, Mista Odel. Duka."

Na jira ya kore ni. Ko haƙuri ban ba shi ba, ba don girman kai ba, ƙarfin ne babu. Fitilar majigin tana ta zafi a gefen kunnena.

"Shekara goma sha tara rabon da a kawo mini sabon shiga," ya ce a hankali. "Juya kujerarki, Abiba. Sa na ɗaya."

Na juya. Tsanin ya fito a bango, ya fi ni tsawo, ƙafarsa a kan soket.

"Ke za ki faɗa," ya ce. "Na gaji."

Ni ma na gaji. Na zo hutar da ƙafa, ga shi an ɗora mini kayan da ban san wanda zan sauke wa ba. Na fara. Ya rufe ido, leɓensa na bin nawa a baya, har wajen na biyar ya bar mini jawabin ni kaɗai.