Arba'in Har Damagaram

Ni na matsa wa Gambo bakanike, ba zan ɗora wa kowa laifi ba. Babur ɗina ya shekara bakwai yana jigilar buhunan gyaɗa, har ya fara hayaƙi kamar murhun ɗanyen icce. Gambo ya buɗe injin a garejinsa na Damagaram, ya ce fistan ya cinye, rawa yake yi cikin silinda. Na ce tunda an riga an buɗe, a fafe silindar a sa babban fistan. Ina son babur ɗin da in na murɗa, 'yan kabu-kabu za su bi ni da kallo.

Ranar da na je karɓa, Gambo ya riƙe mini hannu.

"Inusa, saura rodaji. Sabon ƙarfe ne cikin sabon ƙarfe, ba su saba da juna ba. Har kilomita ɗari biyar kar gudunka ya wuce arba'in. In ka matsa mishi zai yi zafi, fistan ya cije, kuma inda ya cije nan ka tsaya."

Na ce na ji, a raina ina cewa tsohon nan ya cika wa'azi.

Kwana uku bayan haka, da hantsi, muna cirar gyaɗa a gonarmu ta bayan Guna, matata Barira ta sa ƙafa cikin tarin harawa, kububuwa ta sare ta a idon sawu. Na ga macijiyar da idona. Kowa a ƙauyenmu ya san maganin dafinta sai babbar likita, wato asibitin Damagaram.

Muka ɗora Barira a bayana, yayarta Aliya ta hau can baya ta rungume ta. Mutum uku, ga rairayi, ga rana ta fara zafi. Ran nan kasuwar Mirriya ke ci, motocin yankinmu duk sun nufi can, hanya fayau.

Na kai allurar agogon babur kan arba'in na riƙe.

"Inusa, murɗa mana!" in ji Aliya. "Ba kai ka cika gari da labarin sabon inji ba?"

"Yaya, in ya cije a dajin nan, wa zai ɗauke mu?"

"Ƙafar ta kumbura har gwiwa! Jinin ya ƙi tsayawa!"

Tsoro ya kama ni, na murɗa. Hamsin, hamsin da biyar. Babur ɗin ya zabura da ƙarfin da na daɗe ina mafarki. Sai na ji zafi yana dukan ƙwaurina, kukan injin ya sake, wani ƙas-ƙas ya fara fitowa daga ƙarƙashina. Na dubi gaba, na dubi gefe, babu bukka ko ɗaya, sai gero da ƙaya. Na saki mai, allura ta dawo arba'in.

Aliya ta miƙo hannu ta saman kafaɗar Barira tana dukan ƙeyata. Ta kira ni matsoraci, ta ce ƙarfe ya fi mini 'yar'uwarta. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne Barira ta daina nishi. Goshinta kawai nake ji yana bugun bayana duk ramin da muka faɗa.

"Barira, kina ji na?"

"Ina ji, Malam," ta ce, da ƙyar. "Bakina jini-jini."

Haka muka shiga Damagaram, a arba'in, masu keke suna kusan jerawa da mu cikin gari.

Barira ta rayu, alhamdu lillahi. Amma naman ƙafar ya lalace, har yau tana ɗingishi. Malamin likitan da ya karɓe ta ya ce da mun iso da wuri, wataƙila da ba a kai ga haka ba. Gambo kuwa ya rantse da na ƙara minti biyar a hamsin, da a daji za ta cika. Aliya ba ta sake amsa gaisuwata ba.

Rodaji ya ƙare tun bara. Wata rana da yamma ina goge babur a tsakar gida, Barira ta fito tana jan ƙafa, ta tsaya tana kallona.

"Malam, da ka saki mai ran nan, ba ka tuna injin ba ko kaɗan?"

Na buɗe baki in rantse mata, na kasa. Na tuna shi.