Tabarmar Suruki a Hanyar Tsere

"Da wanga guntun wando za ni ratsa ƙofar surukina? Amiru, kana da hankali kuwa?"

Jibrilla ya ɗaga wandon da yatsa biyu kamar mai riƙe da mushen ɓera. Wansa Amiru, wanda shi ya haɗa 'yan gudun garinsu, ya fizge wandon ya sake cusa masa a hannu.

"To sa babbar riga da rawani ka ruga da su. Rairayin Kamarawa kai kaɗai ka iya shi. Abokin gudunmu Abu in ya shiga ciki nutsewa zai yi."

"Ni dai ban wuce Malam Atiku tsirara."

"Wa ya ce tsirara? Ga singileti."

Damina biyu ke nan ruwa yana yi wa mutane gwalo. Gero ya kai gwiwa ya bushe a tsaye, rijiyoyin Tungar Ɗanmusa, nan gefen Kurawa, suka koma gidan ƙadangaru. Ana cikin haka wasu masu agaji suka zo da abin da ba a taɓa ji ba, wai tseren miƙa sanda daga Sabon Birni zuwa Isa. Ba kuma ta kan titi ba, ta daji za a zagaya, ta turbar shanu da cikin gulbin da ya ƙafe, tun safe har la'asar. Kowane gari ya kawo mutum huɗu, wannan ya gaji ya miƙa wa wancan. Garin da ya ci za a haƙa masa rijiya mai kankare, ba za a tsaya ba sai an taɓa ruwa. Tsofaffi suka ce wannan wace irin sadaka ce, a sa mai jin yunwa gudu. Amma babu garin da bai fitar da samarinsa ba.

Shi Jibrilla bai taɓa faɗin dalilinsa ba, sai dai babu wanda bai sani ba. Matarsa Saude cikinta ya tsufa, kullum kuma sai ta ɗauki tulu ta bi mata can gulbi, su tona rairayi su jira ruwa ya tsatso. Ba ta dawowa sai rana ta take, wuyanta a sandare, in za ta dube ka sai ta juyo da jiki duka.

Ita ce ma ta raba gardamar daga bayan zana. Saude auta ce a gidansu, bakinta bai san tsoron kowa ba.

"Ku bar mani Baba. Na aika mai jiya, na ce shi zamna cikin gida har a wuce. Kai dai ka ruga, malam mai kunya."

Abin da Saude ta manta, tsoho in ka ce masa kada ya leƙa, to ka nuna masa inda kallo yake.

Rana ta yi tsaka lokacin da Abu ya iso wurin miƙa sanda, harshe waje, amma shi ne a gaba. Jibrilla ya karɓa ya faɗa gulbi. Rairayin nan yana cin ƙafa, yana shiga takalmin kambas da Amiru ya aro masa. Ya wuce ƙasusuwan shanu da ungulu suka gama da su, ya wuce ramukan da mata suka tona, ƙayar aduwa ta yage masa kafaɗa bai ko waiga ba. Maƙogwaronsa ya bushe kamar tsohuwar salka. Can baya, nesa sosai, wani dogon saurayi ɗan Kamarawa ne ke binsa, sauran kuwa ko ƙurarsu babu.

Ya hau gaɓa, ya shiga Kamarawa, yana karya kwana sai ga tabarma.

Tabarma sabuwa, a bakin hanya, a gindin bedi. Malam Atiku yana tsakiya da rawaninsa na Juma'a, amininsa Wakili a dama, dattawan unguwa sun jeru hagu. An zo ganin mijin Saude.

Tun a gida Amiru ya ce masa ya rufe ido ya wuce. Jibrilla ya rantse daga baya cewa ya yi niyya, ƙafafun ne suka ƙi. Ya tsaya cak, ya tuɓe takalma, ya durƙusa, yana jan singileti ya rufe gwiwoyi, singileti kuwa ba ta kai ba.

"Baba, ina wuni."

Malam Atiku ya kau da kai gefe, kamar yadda suruki ke yi. "Lahiya lau. Ina gajiya?"

"Babu gajiya." Numfashinsa kamar zugazugin maƙeri.

"Ina mutanen gida?"

"Lahiya lau. Ina haƙuri da rana?"

"Sai godiya. Ina bisashe?"

Gaskiyar magana, tsohon ya fi shi ƙaguwa. Babban yatsan ƙafarsa sai motsi yake a kan tabarma. Amma ina aka taɓa jin suruki ya kori mijin ɗiyarsa daga gaisuwa? Kuma ina aka taɓa jin yaro ya miƙe ba a sallame shi ba? Kowa yana jiran ɗan'uwansa ya yanke. Da Malam Atiku ya kai ƙarshe, Wakili ya ɗauka daga farko, bayansa na kusa da shi. Uwar Saude kuma ta turo ƙwaryar ruwa, ruwan da aka sha wuya kafin a samo. Jibrilla ya dubi ruwan nan, ruwan ya dube shi. Mutum ba ya sha gaban surukai.

"Alhamdu lillahi, na ƙoshi."

Dogon saurayin ya zo ya wuce fuu, ya watsa musu ƙasa. Shi ba shi da mata a unguwar.

Nan Malam Atiku ya kasa daurewa. Bai dubi Jibrilla ba, ya juya ga amininsa.

"Wakili, in da ni ad da sanda ga hannu, da ban zamna nan ba."

Jibrilla ya zabura. Takalman ma a nan ya bar su, don ba ya iya tsayawa ɗaura igiya a gaban dattawa. Ya yi sauran tafiyar da ƙafa tsirara a kan ƙasa mai zafin garwashi. Ya matso saurayin har yana jin numfashinsa, amma bai kama shi ba. Amiru, da ke da zangon ƙarshe, ya karɓi sanda yana zagi, ya yi iyakar yinsa. Tungar Ɗanmusa ta zo ta biyu. Rijiya ta tafi Kamarawa.

To, baki ya samu abin ci. Kafin magariba mata a gulbi sun gama shari'a: tsohon da gangan ya shimfiɗa tabarmar, ya san surukin da Allah ya ba shi. Wasu suka ce ai har da Wakili aka ƙulla. Amiru ya ce ba ya sake cin tuwo kwano ɗaya da ƙaninsa. Saude kuwa ta shafa wa ƙafafun mijinta ɗan man shanun da take ɓoyo saboda haihuwa, tana shafawa tana ƙwafa, ta kuma hura masa inda ya ɗaye.

Washegari da hantsi aka yi sallama. Malam Atiku ne, mutumin da tun ɗaurin aure bai taka gidan ba, shi da Wakili a zaure. A waje sun ɗaure jaki, shi kaɗai ya rage wa tsohon cikin dabbobinsa, da mangala da jarkoki biyu a bayansa. Idanun Malam Atiku sun nuna bai yi barci ba.

Jibrilla ya fito da rarrafe, ya tattara ƙafafunsa masu ciwo ya durƙusa.

"Baba, ina kwana."

"Lahiya lau. Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

Saude tana tsaye a ƙofar ciki da tulu a kunkuminta, sauran mata sun daɗe da tafiya. Aka gaida gida, aka gaida rana, aka gaida bisashe, aka dawo kan gajiya. Tsohon ya zo da magana, kunya ta hana ta fita.

"Baba," in ji Saude, "jakin ga na ƙofa, kallo ya zo yi ko aiki?"

Malam Atiku ya dubi ƙasa. "Wakili, jakin nan ya ishe ni da kuka. In akwai gidan da za shi ɗauko ma ruwa, shi zamna can."

Jibrilla ya ƙara sunkuyawa. "Allah shi saka da alheri, Baba. Allah shi ƙara girma."

"Amin, amin. Allah shi yi albarka."

"Allah shi bar zumunci."

"Amin. Ina gajiyar jiya?"

Saude ta dire tulun a tsakaninsu. Ta raɓa ta bayan mijinta, ta ɗan dafa kansa, kamar dai tana neman madafa saboda nauyin cikin.

"Ku ci gaba. In na komo daga gulbi kun kai ga lahiyar kaji, ku ce ina gaishe su."

Ta nufi wurin jakin, ta banko ƙyauren zauren, har ƙasar rufi ta zubo wa Wakili a rawani.