Tutar da Zubair Ya Riƙe wa Dattijo

Idan akwai abin da mahaifin Zubair ya cusa masa tun yana yawo ba takalmi a Fagge, to shi ne kada babba ya ɗauki kaya yana tsaye yana kallo. Wannan tarbiyya ya ɗauko har Greensboro ta ƙasar Amurka, ita ce kuma ta kai shi ta baro ana jibi Babbar Sallah.

A unguwar Glenwood suke zaune, shi da matarsa Rumasa'u da 'yarsu Salwa. Gidan da ke manne da nasu na Mama Odessa ne, wata tsohuwa baƙar fata haifaffiyar ƙasar. Zubair yana aiki a wurin sayar da motoci a titin Gate City Boulevard, Rumasa'u tana gidan kula da tsofaffi, ba mai dawowa da wuri, saboda haka in bas ɗin makaranta ya sauke Salwa, ƙofar Mama Odessa take nufa. Tsohuwar nan ta daina sa naman alade a tukunyarta saboda yarinyar, ba wanda ya roƙe ta. Ita ke yi mata kitso. Salwa ba ta san wata kaka a duniya ba sai ita, ta Kano dai murya ce a waya.

Ranar da abin ya faru, Zubair ya tafi McLeansville zaɓen rago a gonar Malachy, wani tsohon Bature mai ɗingishi wanda Hausawa da yawa suke layya a wurinsa. Mutumin yana da kirki, wannan ba a ja. Ya kafa musu rumfa, ya ja musu tiyo, har alƙibla ya sani. Da Zubair ya zaɓi ragonsa aka shafa masa fenti a ƙaho, sai tsohon ya ce motarsa ta ƙi tashi, ga shi yana da taro a wani ɗan gari can gaba, ko zai rage masa hanya? Ai wannan ba abin tambaya ba ne. Ya shiga gida ya fito da wata doguwar sanda da aka naɗe mata ƙyalle aka ɗaure da igiya, suka cusa ta a mota.

Suna isa suka tarar da jama'a a filin da ke gaban ofishin gwamnatin garin, sun rabu gida biyu, 'yan sanda a tsakiya. Malachy ya fito da sandar dogarawa a hannu ɗaya, doguwar a ɗaya hannun, yana tangaɗi. Jikin Zubair ya riga kansa.

"Kawo, Baba," ya ce, da Hausa ma ya faɗa.

Ya saɓa ta a kafaɗa ya bi tsohon har sahun gaba. Mai hankali da ya tsaya ya tambayi taron mene ne, amma ina, shi gogan naka hankalinsa yana kan kada dattijo ya yi tuntuɓe. Malachy ya dafa kafaɗarsa, ya miƙa hannu ya ja igiyar, iska ta buɗe ƙyallen.

Ja ne, da layuka biyu shuɗaye a gicciye, fararen taurari a kansu. Zubair ya san shi. Kada ma wani ya yi masa uzurin baƙunta, domin Salwa ta taɓa nuna masa a littafin makaranta, ta ce tutar 'yan jihohin kudancin ƙasar ce waɗanda suka yi yaƙi don a ci gaba da riƙe baƙaƙe a bauta. Daga abin da mai lasifika ke faɗa ya gane sauran. An sauke tutar daga gaban ofishin, majalisar garin tana sauraron jama'a kan a mayar ko a bar ta a ƙasa, kuma shi yana tsaye cikin masu cewa a mayar.

Zuciyarsa ta ce ya ajiye. To a ina? Tsohon ya saki nauyinsa gaba ɗaya a kafaɗarsa, idanunsa sun kawo ruwa, yana ba shi labarin kakan kakansa da ya tafi yaƙin bai dawo ba. Ya yar da kayan dattijo a ƙasa a gaban mutane? Ya zame kafaɗa mutum ya faɗi? Ya ce bari ya gama wannan maganar tukuna. Tsohon ya gama, ya kama wata. Wani ƙato mai gemu ya zo ya bubbuga bayan Zubair yana dariya, yana nuna shi wa masu ɗaukar hoto.

"Ku duba nan," in ji ƙaton da Turanci. "Wa ya ce maganar launin fata ce?"

Sai aka miƙa lasifika ga ɗaya ɓangaren, muryar da ta fito kuwa ko a mafarki Zubair ya san ta. Mama Odessa ce, cikin hularta ta zuwa coci. Ashe a garin aka haife ta. Ta ce tana yarinya a ƙarƙashin tutar nan uwarta take jan hannunta su tsallaka titi, kansu a sunkuye. Tana cikin magana idonta ya sauka a kansa. Sai ta kau da kai ta ƙarasa abin da take faɗa. Shi kuwa yana nan riƙe da sanda kamar an dasa shi, har aka tashi taron, har ya mayar da Malachy gona tsohon yana ta sa masa albarka.

Kafin ya iso gida hoton ya riga shi. Rumasa'u ta miƙa masa wayarta ya gani. A zauren hirar Hausawan garin na waya ana ta tsiya, wani yana tambaya ko rago kyauta aka ba shi. Wannan bai dame shi ba kamar Salwa, wadda ta dube shi ta ce, "Dadi, ai na nuna maka," ta shige ɗaki. Kunya ta hana shi cin abinci. Ranar Idi a sahun baya ya yi salla, ana sallamewa ya sulale.

Duk shekara cinyar ragon ta Mama Odessa ce, kuma shi da kansa yake kai mata. Rumasa'u ta ce ko ita ta kai bana. Ya ce a'a. Ya ɗauki tiren da hannu biyu, ya tsallaka 'yar ciyawar da ke tsakanin gidajen. Tsohuwar tana zaune a barandarta. Ya rusuna ya gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Tun a hanya ya shirya bayani, na al'ada da girmama manya, amma ta riga shi.

"Ka san ko mece ce?"

"Da na karɓa ban sani ba. Da ta buɗe na sani."

"Sai ka yi yaya?"

"Tsoho ne, Mama. Ya jingina da ni. A wurinmu ba a..."

"Ni yarinya ce?"

Wallahi sai a lokacin ya ga abin da ya yi sosai: tsofaffi biyu ne a filin nan, ya tsaya yana jin kunyar ɗaya, ya bar wadda ke yi wa 'yarsa kitso tana kallonsa. Ya miƙa mata tiren. Ba ta karɓa ba.

"Ajiye a nan," ta ce, ta nuna matakala.

Ya sunkuya ya ajiye.

"Ka gani? Ba wuya."

Ta tashi a hankali, ta dafa ƙofa. "Salwa ta zo ran Litinin kamar kullum, ita ba ruwanta. In ka zo ɗaukarta, ka tsaya a bakin titi, zan turo ta."

Ta shiga ta mayar da ƙofa. Zubair ya tsaya yana kallon naman a kan matakala, bai san ko ya bar shi ko ya ɗauka ba.