Hannu a Cikin Hayaƙi

A aikin kashe gobara, idan hayaƙi ya turnuƙe, na baya yakan dafa kafaɗar na gaba don kada a rabu. Wannan ƙa'ida ce Dogo, ɗan banza, ya mayar da ita hanyar iskanci. Duk atisayen da aka shiga ɗakin hayaƙi, sai ya san yadda ya yi ya tsaya bayan Auta, mace ɗaya tilo a rukuninsu, kuma hannunsa bai taɓa tsayawa a kafaɗa ba.

Ta kai ƙara wurin Oga. Ya ce, "Haba ƙanwata, a cikin hayaƙi wa ke ganin wani?" Aka bushe da dariya. Tun daga nan barci ya ƙaurace mata. Ko mahaifiyarta ce ta taɓa ta ba zato, sai ta zabura. Ta rantse duk ranar da hannun nan ya ƙara, sai ta karya shi, ko da a bakin aikinta.

Ranar da layin teloli ya kama da wuta da tsakar rana, ita ce a gaba da gatari, Dogo a baya. Silin na zubowa, zafi na ratsa rigarta, ba ta ganin ko tafin hannunta. Sai ji ta yi an cafki cinyarta.

Ai kuwa ta juya ta sauke ƙotar gatarin da iya ƙarfinta. Ƙas! Ta ƙara, ta kuma ƙarawa, tana kuka tana zagi, har hannun ya sake ta.

Ihun da ta ji ba na Dogo ba ne. Wani tsohon tela ne da ya rarrafo daga ƙarƙashin tebur, ya kama abin da ya fara samu. Dogo kuwa tuni ya ja da baya zuwa bakin ƙofa.

Ta saɓo tsohon a kafaɗa ta fito da shi. Jama'a suka hau tafi. Yatsunsa sun farfashe, ƙashin wuyan hannu ya ɓullo waje, jini na ɗiga a takalminta. Ta durƙusa a gabansa cike da kunya da baƙin ciki.

"Baba, ka yafe mini."

"Me kika yi, 'yata? Katako ne ya faɗo mini. Allah ya yi miki albarka." Ya ɗaga abin da ya rage na hannun. "Ke da kika saba ganin rauni, gaya mini gaskiya, zai sake riƙe almakashi?"