Namu da Nasu

Kun sha ganin tambayar nan ta “namu” ko “nasu” a allon kwamfutarku, kuka yi tsaki, kuka wuce. Ita Sabuwa ba ta samu ta wuce ba.

Ranar ƙarshe ce ta gwajin ɗaukarta aiki a kamfanin da ke yi wa asibitoci manhajar layin ganin likita. Gyaranta da na Dogo, abokin aikinta, sun yi karo a wuri ɗaya, manhajar haɗa aiki ta tsaya tana tambaya: a bar “namu” ko “nasu”? Ta danna “namu”, ta tura.

Kafin shayinta ya huce waya ta ɗauki ruri. Sunayen masu wankin ƙoda sun ɓace daga layi, matsalar da ta gama gyarawa jiya.

Oga ya fito, waya a kunne. “Wa ya tura?”

“Ni ce, ranka ya daɗe. Amma namu na zaɓa, wallahi namu!”

Dogo ya kwashe da dariya. “Ƙanwata, in kina ɗora aikinki a kan na mutane, namu nasu ne, nasu kuma naki. Kowa ya sani.”

“A ina aka rubuta?”

“Ba a rubutawa. Sai ta cije ki.”

Ta tuna yayarta da ke riƙe mata jaririya, wadda ta ce da safe, “Yau dai ki dawo mana da takardar aiki.”

“Oga, don girman Allah, bari in gyara. Aikin bai ɓata ba, yana nan.”

“Tashi. Ba na koyar da karatu a nan. Ki ajiye katin shiga a ƙofa.”

Ya zauna a kujerarta, ya warware abin da ta tura, ya sake haɗawa. Tambayar ta dawo. Yatsansa ya tsaya a sama, ya kai dama, ya dawo hagu. Tana zura mayafi a jaka ta ji ya rage murya.

“Dogo… wanne ne namu ma?”

Bai ɗago ya dube ta ba, ita ma ba ta jira ba. Katin da ta jefar ya yi ƙara a kan teburin bakin ƙofa.

Ku da kuke da hannu a irin manhajar haɗa aikin nan, kalma biyu ce kacal. Ku buɗe ta yau, ku cire su, ku sa sunan wanda ya rubuta kowane gyara.