Layin da ke Ƙarƙashin Hoton Baba

Auta ce ta matsa wa Baba a buɗe wa shagonsa shafi a intanet. Aikinta ke nan, gina wa mutane shafuka, kuma yana ba ta haushi a ce kafinta irin mahaifinta, wanda kujerarsa ke kaiwa har kan jikoki, ba wanda ya san shi sai mutanen layinsu.

Da ƙyar ya yarda. Da ya yarda kuma, sai ya hana ta sakat. Tana zaune kan benci a shagon, kwamfuta a cinya, garin katako na sauka a kan madannai, shi kuwa yana tsaye a kanta.

"Cire hoton nan, ƙafar teburin ta fito a karkace."

"Baba, kyamara ce."

"To kyamarar ta yi ƙarya. Cire."

Ta cire. Ya ce launin ya yi duhu, ta sauya. Ya ce na farkon ya fi.

Akwai wasu layuka da ake rubutawa a bayan shafi, inda mai ziyara ba ya gani. Su ke gaya wa injin bincike da manhajojin hira abin da za su nuna in an tura adireshin: hoto, suna, da ɗan bayani a ƙasa. Da ta iso wurin bayanin ranta ya gama ɓaci, sai ta rubuta: "Shagon tsoho mai taurin kai, komai aka yi masa bai yi ba." Ta yi murmushi ita kaɗai, ta ji sanyi a ranta. Da niyyar gogewa ta rubuta, amma aka kira ta daga ofis, ta ɗora shafin a intanet ta fita a gurguje.

Baba ya duba shafin a wayarsa, sannan ya ce wa Mama, "Yarinyar nan ta iya." Da hannunsa ya tura adireshin zuwa zauren hirar masu sana'a na layin, ya tura wa ƙannensa, ya tura wa surukai. Bai sa tabarau ba. Hotonsa kawai ya gani, riƙe da zarto.

Mai walda, maƙwabcinsa, shi ya shigo shagon yana dariya har da riƙe ciki, ya karanta masa layin da ke ƙarƙashin hoton da ƙarfi a gaban wata mata da ta zo karɓar gado.

Mama ce ta kira Auta. "Ke, me kika rubuta a kan ubanki?"

Sai a lokacin Auta ta tuna ba ta goge layin ba. Nan take ta gyara, ta sa bayani mai kyau a kan ƙofofi da kujeru. Sai dai saƙon da aka riga aka tura ba ya sauyawa. Yana nan a wayoyin mutane yadda ya tafi, ana ta tura wa juna.

Da yamma ta sami Baba yana goge murfin akwati. Ta durƙusa.

"Baba, wasa ne, wallahi. Ban yi nufin kowa ya gani ba."

Bai ɗago ba. "Na sani. Don kanki kika rubuta."

Wannan maganar ta fi mata zafi da a ce ya zage ta.

Abin mamaki, shafin ya kawo ciniki. Mutane na zuwa suna tambayar shagon tsoho mai taurin kai, mai walda na nuna musu da yatsa. Baba yakan yi 'yar dariya ya karɓi aikin. Bai taɓa sake tayar da maganar ba, bai kuma ƙaurace mata ba. Ya dai daina yi mata gardama. Duk abin da ta nuna masa sai ya ce, "Ya yi, Allah ya yi albarka," ko kallo bai gama ba.

Wata rana tana wucewa ta hango shi a rumfar mai gyaran waya. Baba ya gama wani kabad, yana son a sa hotonsa a shafin, ya tsaya a kan mutumin yana cewa a matso da shi, a'a, a mayar. Ta tsaya a tsallaken titi har aka gama, sannan ta wuce gida ta wata hanyar.