Ɗan da Babu a Littafin Malam

"Dakata nan," in ji Malam. "Wa ke magana yanzu?"

Na sauke littafin a cinya. "Wallahi, Malam, ban sani ba. Ɗazu tsohon ne, yanzu kuma ga matarsa tana wanke kwanuka tana tuna ranar da aka haife ta. Fisabilillahi, wa ke tuna ranar haihuwarsa?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da na ɗago masa matashi.

Ni tela ce. Ƙofata da ta Malam suna kallon juna a hawa na biyu. Adabi ya koyar har ya yi ritaya, daga baya ciwon suga ya cinye masa ido, ya gangara ƙoda. 'Yarsa, Auta, ma'aikaciyar jinya ce, ita ta roƙe ni in riƙa leƙa shi in tana wurin aiki. Daga leƙawa na tsinci kaina ina yi masa karatu kullum da yamma, ɗinkin mutane na jibge a kan keke.

Kuma littafi ɗaya tak yake so, wani mai ɗaure kai. Mutum uku ne ke ba da labarin yini guda: wani tsoho, da matarsa, da ɗan hayarsu, kowa da irin tasa. Sai ka yi shafi guda ba ka ga aya ba, numfashi ya ƙare maka. Tsohon ya mutu a babi na biyu, a na uku ga shi zaune yana shan shayi. Na ce wa Malam marubucin nan a binciki lafiyarsa.

"Haka zuciya take tafiya, Tela," ya ce. "Ke in kina kan keke, a jere tunaninki yake zuwa? Abu ɗaya za ki riƙe: kada ki saki jiki da mai ba da labari. Ki duba abin da ya ƙi faɗi."

A makon da jikinsa ya tsananta, na fito da safe na tarar da wani ƙaton mutum mai furfura tsaye a baranda, ya rungume jaka. Auta ta ja ni gefe ta ce yayanta ne. Na riƙe baki. Duk zamana da su ban taɓa jin Malam na da ɗa namiji ba. Ashe tun yana saurayi ya watsar da karatu ya bi manyan motoci, uban ya ce kada ya ƙara taka masa ƙofa. Shi kuwa ya riƙe maganar har ya yi furfura.

"Kin gaya wa Malam ya zo?"

"Na gaya masa, Anti. Ya juya fuska bango ya ce in ba shi ruwa. Likita ya ce ciwon na taɓa tunani, ni ban san ko ya ji ni ba. Yaya kuma ya ce ba zai shiga ba sai Baba ya kira shi da bakinsa."

Taurin kai dai gado ne a gidan nan. Na ba ɗan nasa, da nake ce wa Direba, kujerar roba, ya zauna a bakin ƙofa, ga uban can ciki numfashi na ta yin ƙasa.

Da yamma na shiga karatu, na bar ƙofar a buɗe da gangan. Auta na zaune a ƙasa tana matsa wa uban ƙafa. Ban yi nisa ba ya ɗaga hannu.

"Kin lura da zaluncin da marubucin nan ya yi wa ɗan tsohon?"

Kaina ya ɗaure. Na karanta littafin nan har na kusa haddace shi, tsohon ko kyanwa ba shi da ita. Bakina kuwa ba ya ajiye magana.

"Wane ɗa kuma, Malam? Ai babu wani ɗa a..."

Auta ta mintsine ni a ƙauri, na haɗiye sauran.

"Duk abin da muka sani game da yaron, daga bakin uban muka ji," in ji Malam, da muryarsa ta aji. "Wai malalaci ne, wai ba ya jin magana. To uban mutum ne mai girman kai, yana ganin duk wanda bai riƙe alƙalami ba ya lalace. Irin wannan mai ba da labari ba a ɗaukar shaidarsa. Kowa an ba shi babi, yaron ne kaɗai aka hana."

Na buɗe shafuka gaba da baya, ko na tsallake wani wuri ne. Babu. Ko ciwon ne ke magana, ko Malam ne, oho.

Auta ta taɓa gaya min cewa a aji ba ya rufe darasi sai ya tayar da ɗalibin da ya ɓuya a baya. Sai ga shi ya miƙa yatsa wajen ƙofa.

"Kai na baya, kusa da ƙofa. Tashi. Da an ba yaron babi, me kake ganin zai ce?"

Kujerar roba ta yi ƙara. Direba ya shigo, ya tsaya hannuwa a baya, ƙato da shi kamar ɗan firamare.

"Malam," ya ce, "ina ganin zai ce ya sha zuwa bakin layin nan. Ya ajiye mota, ya kalli taga, ya juya."

"Me ya hana shi hawowa?"

"An ce kada ya taka ƙofar."

"Ka ga matsalarku ke nan, sama-sama kuke karatu. Abin da tsohon ya faɗa ka riƙe, ba ka duba abin da yake yi ba. Duk sa'ad da babbar mota ta tsaya a titi, ba ka ga yana cewa a yi shiru ba?"

Wannan ba ya cikin littafi. Ni Malam ya sha sawa in yi shiru, ina ta tsammanin ƙarar ce ba ya so.

Hawaye kawai ke bin gemun Direba.

"Amma ka yi ƙoƙari," in ji Malam. "Dawo gaba ka zauna. Ɗalibi mai fahimta ba ya zama a baya."

Ya zauna a bakin gado. Hannun Malam ya yi ta lalube a kan zanin gado har ya sami wuyan hannunsa, ya riƙe. "Ci gaba, Tela," ya ce. Na ci gaba, amma wallahi ban san me na karanta ba, ni ma kuka nake yi.

Washegari da hantsi rai ya yi halinsa. Har ya cika bai saki hannun ba, kuma bai kira shi da wani suna ba sai "ɗalibi".

Bayan an kai shi makwancinsa, mutane sun ragu, Direba ya same ni a baranda.

"Anti, don Allah ki gaya min gaskiya. Ya gane ni?"

Auta ta riga ta rantse masa cewa ya gane. Ni na buɗe baki in ce haka, na kasa. Wani lokaci in ce tsohon nan sarai ya san abin da yake yi, girman kai ne ya hana shi faɗa kai tsaye. Wani lokaci kuma in tuna maganar likita.

"Ban sani ba," na ce. "Wallahi ban sani ba."

Ya gyaɗa kai, ya ce in ba shi littafin. Na so in sake cewa babu ɗa a ciki, wannan karon na kama bakina.

Da na koma kan keke, ina hango shi ta ƙofa. Yana zaune a bakin gadon da aka yaye wa zani, ya buɗe shafin farko, yana bin layi da babban yatsansa a hankali, leɓɓansa na motsi.